Tatsuniyar da Ba a Cewa Ƙurunƙus: Yadda Ake Ɗinka Shiri Mai Dogon Zango

Gwaggona ce malamata ta farko a wannan sana'a, duk da ko sunanta da ƙyar take rubutawa da boko. Ran da na kai mata kashin farko na wani shiri da na rubuta, ta jingina wayar a jikin turmi, ta jawo faranti tana tsince shinkafa. Minti arba'in ana yi, sau uku kacal ta ɗaga ido. Da aka gama sai ta kaɗe zaninta ta ce, "To madalla. Ɓarawo an kama shi, yarinya ta samu miji, Alhaji ya yafe wa ɗansa. Ni kuma me zan dawo in gani ran Asabar?"

Na rasa ta cewa. Hatsin da ya kamata ya kai ni shekara na juye shi a tukunya ɗaya. Tun daga ranar na fara kallon shirye-shiryen nan da idon mai ɗinki, ina juya rigar ina duba inda allura ta bi. Abin da na gano shi zan zayyana maka, kai da kake da labari a ka kana son mayar da shi siris.

Fara da gida, labari zai zo daga baya

Yawancin matasan da ke kawo min rubutu da labari suke farawa: wane yana son wance, ubanta ya ƙi. Wannan fim ne na awa biyu. Shiri mai dogon zango wuri yake nema tukuna, wurin da mutane ba su da yadda za su yi su guje wa juna. Shirin Coronation Street na Ingila, wanda aka fara haskawa ranar 9 ga Disamba 1960 kuma har yau ba a daina ba, layi ɗaya ne da gidajensa da kantinsa da wurin shaƙatawa ɗaya da kowa ke faɗawa. A 2020 ya haura kashi 10,000 a kan layin nan. Haka Daɗin Kowa na Arewa24, gari aka ƙirƙira aka zuba masa mutane, sannan labarai suka riƙa tsirowa.

Ni kwalin indomi nake yagewa in zana gidaje uku a bayansa: gidan mai kuɗi, gidan mai ƙaramin ƙarfi, gidan malami ko mai unguwa. Sai in ja layi tsakaninsu, kowane layi in rubuta masa ɗaya daga cikin abu uku: aure, bashi, ko sirri. Direban Alhaji ɗan gidan malam ne. 'Yar aikin uwargida ƙanwar matar mai shayi ce. Mai unguwa ya ci bashin Alhaji tun wata gobarar kasuwa bai biya ba. Duk mutumin da na ga layi ɗaya kawai ya taɓa shi, ko dai in ƙara masa na biyu ko in goge shi, don zai zame min kaya a gaba.

Sannan ka samar da mahaɗa. Teburin mai shayi, majalisar bakin masallaci, gidan mai kitso, kemis, bakin famfo. A nan ne mutanen da ba za su taɓa shiga falon juna ba za su yi kiciɓis ba tare da ka ƙirƙiro dalili ba. Furodusa ma zai sa maka albarka, saboda a lokeshan ɗaya za a ɗauki fitowa goma a yini guda, ba jigilar kaya, ba kuɗin mai.

Tukunya uku a wuta

Kada ka taɓa barin labari ɗaya ya riƙe kashi shi kaɗai. Ni uku nake tafiya da su, kamar matar da ke girkin biki: wata tukunyar tana tafarfasa, wata ta fara ɗaukar zafi, wata yanzu aka wanke ta aka ɗora. Ran da ka sauke ta farko, ta biyu ta kai tafasa, ta uku ta yi zafi, sai ka ɗora sabuwa. Da haka wuta ba ta mutuwa, kuma babu ranar da mai kallo zai ce komai ya kammala.

A kashi mai minti arba'in da biyar nakan yi fitowa ashirin zuwa ashirin da biyar, kowacce kamar minti biyu. In an yi kuka a falon Alhaji, fitowa ta gaba a teburin mai shayi ake musu a kan canjin naira hamsin. Dariyar nan tana da aiki: ita ke sa kukan da zai biyo baya ya shiga jiki. Kuma a kan yanke fitowa kafin ta gama nuna. Uwargida ta ce, "Zauna, akwai maganar da na daɗe ina ɓoye maka," sai a koma kemis. Mai kallo zai yi tsaki, amma ba zai tashi ba.

Sirri: mai kallo ya riga kowa sani

Nan ne gishirin abin yake, nan ne kuma sababbin marubuta suka fi yin tuntuɓe. Suna ɓoye wa mai kallo sirri don su ba shi mamaki a ƙarshe. Mamaki na minti ɗaya ne. Amma ka faɗa masa sirrin tun kashi na biyu, ka hana mutanen cikin labarin sani, sai ka riƙe shi wata shida yana zaune a bakin kujera.

Ga misali daga wani abu da na taɓa rubutawa. Mai kallo ya san yarinyar da ke aikatau a gidan Alhaji 'yarsa ce ta cikinsa, wadda uwargida ta sa aka kai ƙauye tun tana jaririya aka ce masa ta koma. Alhaji bai sani ba, yarinyar ma ba ta sani ba. Sai ga fitowa:

Yarinya ta durƙusa ta ajiye tire. Alhaji ya ɗaga kai daga jarida.

"Ke 'yar nan, wai daga wane gari aka kawo ki?"

"Daga ƙauye, Alhaji."

"Mahaifinki na nan da rai?"

"An ce min ya rasu tun ina goye, Alhaji."

"Allah Ya jiƙansa. Da yana raye da bai bari kin yi wanke-wanke a gidan wani ba."

Uwargida tana bakin labule, kofin da ke hannunta yana rawa a kan faranti.

Babu ihu, babu kiɗa mai tsuma rai, amma Gwaggo a nan ta ajiye tsintar shinkafa. Mutum yana yi wa kansa addu'ar mamaci bai sani ba. Duk nauyin fitowar daga abin da mai kallo ya sani yake, ba daga abin da aka faɗa ba.

Daga nan sai ka riƙa raba sirrin da cokali. Yau tsohuwar unguwar zoma ta gane yarinyar ta wani tabo a wuyanta. Bayan kashi huɗu direba ya ji ana maganar yana wankin mota ta bayan taga. Kowane mutum da ya sani sabon labari ne: wani zai nemi kuɗin toshiyar baki, wani zai kasa barci, wani zai riƙe shi makami sai ranar da aka taɓa shi. Wanda abin ya fi shafa shi ne na ƙarshen ji. Laɓe a bayan labule, wayar da aka manta a kan kujera saƙo ya shigo, takardar asibiti da ta faɗo daga jaka, duk halal ne a wannan sana'a. Sharaɗi ɗaya: kada ka yi laɓe sau biyu a kashi ɗaya, sai a fara yi maka dariya.

Me ya sa suke ta maimaita magana?

Masu sukar irin waɗannan shirye-shirye kullum ƙorafinsu ke nan, wai abu ɗaya ake ta nanatawa. Gaskiya ne, kuma da gangan ne. Asalin abin daga rediyon Amurka ne a shekarun 1930. Wata tsohuwar malamar makaranta, Irna Phillips, tana cikin waɗanda suka fara shi a Cikago a 1930. Kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble ne ke ɗaukar nauyi don su tallata hajarsu ga matan gida, shi ya sa har yau Turawa ke kiransa wasan sabulu. Minti goma sha biyar ake yi kullum da rana, mai sauraro kuma tana wanki ko shara, yaro na kuka, wani na buga ƙofa. Dole a faɗi abu fiye da sau ɗaya, in ba haka ba a bar ta a baya.

Mai kallonka bai fi ta natsuwa ba. An ɗauke wuta a tsakiyar shiri, data ta ƙare, an kira sallar isha, baƙi sun yi sallama. Wani ma sai a kashi na talatin ya shigo don ya ji ana zancen a wurin aiki. Saboda haka duk babban abin da ya faru, a faɗe shi aƙalla sau uku a bakuna daban-daban.

Dabarar ita ce maimaicin ya zama gulma, gulma kuwa ba ta tafiya ba ta yi ƙiba ba. 'Yar aiki ta ce wa mai kitso ta ga amarya tana waya a ɓoye. Mai kitso ta ce wa Hajiya amarya na waya da wani namiji. Kafin maganar ta isa kunnen uwar miji, an ga motar mutumin a ƙofar gida. Wanda bai ga kashin baya ba ya fahimci inda aka kwana, wanda ya gani kuma yana dafe kai yana cewa wallahi ba haka aka yi ba. Kowa ya samu nasa.

Inda za ka rataye mai kallo

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ya karanta Magana Jari Ce ya san yadda aku ya riƙa tsare Musa ɗan sarki da labari bayan labari har gari ya waye bai fita ba. Aikinka ke nan, sai dai kai mako guda za ka tsare mutum.

Fitowar ƙarshe nake fara rubutawa kafin sauran, sannan in gina kashin yana gangarowa zuwa gare ta. Iri-iri ce. Akwai ta sallama: ana tsakiyar ɗaurin aure, liman ya ce ko akwai mai magana, sai a ji "Salamu alaikum" daga baya, kowa ya waiga, a tsaya a nan. Akwai ta hannu a kan ƙofa, mai kallo ya san abin da ke cikin ɗakin, mai buɗewa bai sani ba. Akwai ta kalma ɗaya, likita ya cire tabarau ya ce, "Alhaji, jinin bai zo ɗaya ba." A kowacce, kyamara ta tsaya a kan fuskar wanda maganar ta daka, ba wanda ya faɗe ta ba. Ka rubuta wa darakta wannan ɓaro-ɓaro a takarda. 'Yan Indiya sun kai abin maƙura, sai a nuna fuskar kowa a falon ɗaya bayan ɗaya, a zuƙo ta sau uku da tsawa, har kakar da ba ruwanta. Mu daƙiƙa huɗu ko biyar a kan fuska ɗaya sun isa.

Ratayar da ta fi kowacce suna a tarihin talabijin ita ce ta shirin Dallas na Amurka. A Maris 1980 aka harbi mugun da ke cikin labarin, J.R., aka rufe zango ba a nuna wanda ya yi harbin ba. Sai Nuwamba aka bayyana, kuma mutane sama da miliyan 80 ne suka zauna kallo a Amurka a daren. Wata takwas ana musu a kan tambaya ɗaya. Abin da ya sa ta yi aiki shi ne kusan kowa a labarin yana da dalilin harbinsa. Ka lura da wannan: rataya tana ƙarfi ne gwargwadon yawan amsoshin da za su iya zama gaskiya.

Amma rataya bashi ce, kuma mai kallo ba ya mantuwa. In ka rufe da bindiga a kan jarumi, kashi na gaba ya buɗe da cewa mafarki yake yi, ka ci amana. Shi kansa Dallas ya yi wannan a 1986: sun kashe wani jarumi, suka ga kasuwa ta ja baya, suka dawo da shi yana wanka a banɗaki, aka ce duk zangon da ya wuce mafarkin tsohuwar matarsa ne. Har yau da shi ake misali in ana zancen rainin hankalin mai kallo. Biya bashin ko da rabi ne, sannan ka ci sabo. Haka kafin kowace talla, ɗan ƙaramin ƙugiya, kada a tafi kicin a ƙi dawowa.

Muguwa da masoya

A kan muguwa ba zan ja ba, abu biyu ne. Ka ba ta dalilin da in ta faɗa, wata a cikin masu kallo za ta ce a ranta ni ma da haka zan yi. Uwargidan da ta sayar da gadonta ta ba miji jari, ya yi kuɗi ya auro sa'ar 'yarta, ba ta buƙatar boka kafin a fahimce ta. Na biyu, kada ta tuba da wuri. Ran da ta tuba ran nan shirinka ya fara hamma. In har ana tare jarumar a kasuwa ana yi mata Allah ya isa, to rubutu ya yi.

Masoya kuwa aikinka hana su haɗuwa. A nan muna da abin da marubucin Turai ba shi da shi. Namiji da mace ba sa taɓa juna a fim ɗinmu, al'ada ba ta yarda ba, Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ma ba za ta bari ba. Wasu na ganin takura ce. Ni riba na ɗauke ta. Tabarmar zance da tazarar da ke tsakaninsu, ƙanwar da aka aiko ta ce "wai ki shigo in ji Baba", kiran waya da aka ƙi ɗagawa sau uku, turaren da aka mayar wa mai shi ba a buɗe ba, kowanne fitowa ce cikakkiya. Kuma a labarin Bature da an yi aure an rufe littafi, mu kuwa ranar aka buɗe shi: ga uwar miji, ga dangin miji, ga gorin haihuwa, ga kishiya tana tafe.

Tsofaffin dabaru, da yadda ƙasarmu ke karɓarsu

Akwai kayan aikin da duk duniya ake ara: haɗarin mota da ke kawo mantuwa, tagwayen da aka raba tun suna jarirai, yaron da aka tura makarantar kwana yana ɗan shekara bakwai ya dawo bayan zango ɗaya da gemu, matacce ya dawo. Ba laifi ka taɓa su, amma ka auna su da rayuwarmu.

Ɗauki dawowar matacce. Mu a ranar ake yi wa mamaci wanka, a yi masa sutura, a sallace shi, maza su raka shi makwanci. Mutum hamsin sun ga fuskarsa. Ta ina zai dawo? In kana da niyyar dawo da mutum, kada a ga gawa tun farko. Kwalekwale ya kife ba a same shi ba, ko ya bi hanyar Agadas zai tsallaka Libiya labarinsa ya yanke. Sannan ka shirya wa tambayar da kowane mai kallo zai yi: matarsa fa? In ta yi takaba ta auri amininsa har da rabo, sai ga shi ya yi sallama, auren wa ke nan? Kada ka yanke wannan hukunci da ka. Je ka zauna gaban malamin da ya san fiƙihu ka tambaya, don masu kallonka akwai almajirai, kuma ba za su raga maka ba.

A nan ne ma na gano wata taska. Marubutan waje suna wahalar ƙirƙiro wa'adi don labari ya yi zafi, mu kuwa addini da al'ada sun ba mu agogo kyauta. Takaba wata huɗu da kwana goma. Idda tana tafiya, miji na da damar kome kafin ta cika, kullum kwana na raguwa, girman kai ya hana shi. Saki ya kai biyu, saura igiya ɗaya, duk gardamar da aka fara a gidan sai gaban mai kallo ya faɗi. Rabon gado da aka dakatar sai mai ciki ta haihu a ga abin da aka samu. An sa rana, an kai lefe, saura mako uku. Kowanne a cikin waɗannan zai riƙe maka zango guda cur.

Littafin gida

Sayi littafi mai kauri ka rubuta komai: shekarun kowa, wa ya san wane sirri kuma a kashi na nawa ya sani, saki nawa ya rage a kowane aure, yaushe aka ce wance na da ciki. Na koyi wannan da kunya. Na taɓa barin wata da ciki tun kashi na tara, na shagala da rikicin gado, ban sauke ta ba sai da wata mai kallo ta lissafa mana wata goma sha huɗu, ta aiko tana tambaya ko giwa za a haifa.

A littafin nan kuma ka tanadar wa kowane babban jarumi ƙofar fita. 'Yan wasa mutane ne: a yi rashin lafiya, a yi saɓani da furodusa, jaruma ta yi aure ta ajiye fim, wanda ya zama ruwan dare a masana'antarmu. Ya taɓa faruwa da ni ana saura kwana tara a fita ɗauka, kuma ita ce ke riƙe da tukunyar da ke tafasa. Hanya uku ce. Ko a tura ta karatu Sudan, a riƙa jin ta a waya ana ganin bayan mai amsawa. Ko a kashe ta, wanda ba ya gyaruwa. Ko a kawo wata ta ci gaba da sunan, a daure wa surutun mako uku, daga nan ido ya saba. Na zaɓi karatu, kuma tafiyar tata ta haifar min da labarin da ya fi na farko, don saurayin da ta bari sai ya fara zuwa gidan yana gaishe da iyayenta, ƙanwarta ke kawo masa ruwa.

Abu na ƙarshe da za ka yanke tun kafin ka rubuta kalma ɗaya: shirinka mai ƙarewa ne ko mara ƙarewa? Na Amurka da Ingila ba a yi su don su ƙare ba. Guiding Light ya fara a rediyo a 1937, ya koma talabijin a 1952, bai tsaya ba sai 2009, shekara 72. Na Meziko da Barazil kuwa ana shirya su da ƙarshensu a hannu, a yi watanni ana haskawa, a ɗaura aure, mugu ya ga sakayya, a rufe. In kai da abokanka ne kuke haɗa kuɗi kuna sakawa a YouTube duk mako, bi hanya ta biyu. Rubuta fitowar ƙarshe ka ajiye a aljihu, ka tsara zango mai kashi goma sha uku, ka rufe tukunya biyu ka bar ɗaya a wuta ko Allah zai kawo mai talla.

Na sake rubuta wancan kashin da Gwaggo ta kushe. Ɓarawon ban kama shi ba, sai na nuna wa mai kallo shi yana cin tuwo kwano ɗaya da mai kuɗin. Yarinyar na bar ta a zaure, an ce wani na sallama da ita, ta ɗaga labule, fuskarta ta canza, aka ɗauke. Da daddare wayata ta yi ƙara.

"Kai, wane ne a zauren nan?"

"Gwaggo, sai Asabar."

"Ni za ka ce wa sai Asabar? Ni da na goya ka?"

"Ki yi haƙuri, Gwaggo, ko darakta ban faɗa wa ba."

Ta yi tsaki ta kashe. Bayan minti biyar ta sake kira, wai in dai tsohon mijin uwar ne, to kada in kuskura in bari ya shigo gidan.